A Riƙa Gina Manyan Gadoji da Layin Dogo a Kansu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan tsohuwar gadar Makurɗi da ke kan kogin Binuwai. Na tashi a Sabon Garin Zariya, a gidan ma'aikacin reluwe, kuma tun ina yaro mahaifina ya sha ba mu labarinta, har ranar da na tsallaka ta da kaina na ga layin dogo shimfiɗe tare da titin mota a kan ginshiƙai guda, ruwa na malala a ƙasa iya ganin ido.

An buɗe gadar a 1932, zamanin Gwamna Donald Cameron. Kafin nan, jirgin fito ke ɗaukar taragai ya haye da su, amma da aka gama ta sai jirgin ƙasa ya riƙa tasowa daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Kafanchan, ya iso Kaduna ya haɗu da layin da ke biyowa ta Zariya zuwa Kano. Tsawonta ya kusa mita 800, kuma ga shi ta haura shekara 90 tana tsaye.

Abin da ke damuna shi ne manyan gadojin da aka gina daga baya, irin ta Loko zuwa Oweto da gada ta biyu ta kogin Neja da aka ƙaddamar a 2023, duk mota kaɗai aka yi wa. Ai ginshiƙan da ake kafawa a tsakiyar ruwa su ke cin kaso mai tsoka na kuɗin aikin, to me zai hana a ƙarfafa su tun farko yadda za su ɗauki jirgi, maimakon a dawo wata rana a sake haƙa gindin kogi?

Mu a nan mun ɗanɗana kuɗar dogaro da tirela. A ambaliyar 2022, da ruwa ya shanye hanya a Koton Karfe, ƙanena ya kwana huɗu a layi da mota cike da shanu, yana sayen ruwa a jarka yana ba su, biyu suka faɗi dole aka yanka su a bakin titi.

Ina kira ga gwamnatin tarayya da ta gyara tsohuwar gadar Makurɗi, a kankare tsatsa a yi mata fenti, a farfaɗo da layin dogon gabas da ya taso daga Fatakwal, sannan a nemi shawarar masana na cibiyar fasahar sufuri da ke nan Zariya kafin a zana wata sabuwar gada.

Naka,
Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya