Yoyon tankin furesha ba ya jin ɗaurin roba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani abu da muke rainawa a gidajenmu har sai ya ci mana kuɗi, wato yoyon da ake samu a mahaɗar fayif ɗin tankin furesha. Ba babban tankin roba na sama nake nufi ba, ɗan ƙaramin nan na ƙarfe, ja ko shuɗi, mai cin lita 24 da ke zaune kan injin tura ruwa kaman tulu.

Mu a gidanmu rijiyar burtsatse gare mu, samo, wato injin da ke can cikin rijiyar, shi ke kai ruwa babban tanki, shi kuma wannan injin ya tura shi banɗakuna don shawa ta yi ƙarfi. Kwanaki sai na lura cikin dare injin na tashi shi kaɗai, ya yi ƴan daƙiƙu ya mutu, an jima ya sake tashi, alhali kowa na barci babu famfon da aka buɗe, har maiɗakina ta fara cewa a yi addu'a. Da safe na duba na ga ruwa na ɗiga ta wajen mahaɗar tagullar nan mai baki biyar inda agogon auna furesha, wato matsin ruwa, da suwic ɗin furesha suke. Na ajiye bokitin fenti a ƙasa, kafin asuba ya wuce rabi.

Na kira mai gyaran famfo, bawan Allah ko kashe wuta bai yi ba, ya yanko tsohon tub na babur ya naɗe wajen tamau, ya lafta gam a kai, ya karɓi kuɗinsa yace shikenan an gama. Kwana uku ruwa ya samu hanyarsa ta gefe. Ai dole, ruwan da ke cikin layin nan a matse yake dare da rana, daga ciki yake turowa, to ya za a yi abin da ka shafa ta waje ya riƙe shi? Robar nan tana iya yi wa fayif ɗin magudana, amma a nan wallahi ɓata lokaci ne kawai.

Abin da ya fi yoyon ciwo shine abin da yake yi wa injin. Duk ɗigon da ya fita furesha na sauka, suwic ya ji ta sauka sai ya tada injin, kuma motar injin ba abin da ke gajiyar da ita irin yawan tashi da mutuwa, kafasita mai taimaka wa motar tashi ta ƙone, bakin suwic ya cinye, ga wutar da yake sha in kan sola kake ko janareta. Ni kafasita na fara canzawa kafin na gane ashe jaki na bari nake dukan taiki.

Wani dattijon falamba da muke sallah masallaci ɗaya shi ya zo ya gyara a gabana, kuma na zuba ido sosai. Farko ya kashe wutar injin, ya rufe bawul ɗin da ke kawo ruwa, ya buɗe famfo har agogo ya koma sifili, yace duk wanda ya sa sifana kan mahaɗa da furesha a ciki to ya shirya wanka, in ya yi sa'a kenan. Da ma kafin nan ya goge ko'ina da tsumma ya bi kowace mahaɗa da tishu, don ruwa na iya fitowa daga sama ya gangaro ya ɗiga a wani waje daban, kuma haka aka yi, daga gindin agogo yake ba inda aka ɗaure ba.

Ya kwance, ya kankare tsohon tef da tsatsa tas, sannan ya naɗa sabon farin tef ɗin zare. A nan ne fa yawanci ake kuskure. In ka fuskanci bakin fayif ɗin, yadda hannun agogo ke tafiya haka za ka naɗa, don lokacin da kake ɗaurawa ya ƙara kamawa, in ka juya shi baibai warwarewa zai yi ya dunƙule. Zagaye huɗu zuwa shida a ja shi ya shiga cikin zaren, a bar zaren farko babu tef kar guntunsa ya shige ya toshe suwic. Ka ɗaura da hannu tukuna sannan sifana zagaye ɗaya ko biyu. Mu kuma ɗabi'armu sai an danne da ƙarfin tuwo, to in soket ɗin roba ne ka ɗaura shi kan zaren ƙarfe ka matse sai ya tsage, tsagar da ido ma ba ya gani sai an saki ruwa. Shi kuma yuniyon, wato mahaɗar nan mai noti a tsakiya, tef ba ya masa komai, robar zoben da ke ciki ita ke tare ruwa, in ta mutu sai a canza ta.

Da ya gama sai ya buɗe ɗan murfin bayan tankin, ashe akwai bawul irin na tayar mota, a cikin tankin roba ce ke raba iska da ruwa. Yace in ka danna bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska to robar ta fashe. Namu iska ce ta ragu, aka aro famfon iska da geji wajen mai faci aka ƙara, kuma sai babu ruwa a tankin ake aunawa, a sa ta ƙasa da inda suwic ke tada injin da maki 2 a ma'aunin psi, misali in a 30 yake tashi a sa 28. Ya ja min kunne cewa ranar da na ga jikin tankin kansa ya yi tsatsa yana tsatsafo da ruwa kar in yarda a kai shi walda, sabo za a saya.

Malam Edita, da za ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa gayyato masu sana'a irin wannan dattijo suna bayani da Hausa, da mun ji daɗi. Tef ɗin da ya yi aikin nan dai ko kuɗin kafasitar bai kai ba, ragowarsa na nan cikin durowa, bokitin fentin kuma an maida shi wajen wanke-wanke.

Naku,
Mai karatu daga Kano