Rasuwar aminina ce ta raba ni da giya, shi ya sa godiya take yi mini nauyi

Zuwa ga Malama mai kula da filin shawara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki, ina roƙon ki sakaya sunana idan kin ga wasiƙar nan ta cancanci a buga ta, domin maganar da zan yi ba ni kaɗai ta shafa ba, akwai wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya a cikinta, akwai kuma iyalin da ya bari.

Ni makaɗin jita ne a wani rukunin mawaƙan rok (wani salon kiɗan Turawa na jita da ganga), sana'ar da na shafe mafi yawan shekarun girmana ina yi, kuma da ita nake riƙe da kaina da iyalina. A farkon shekarar nan da ke shirin ƙarewa Allah ya yi wa mai gangarmu rasuwa. Aminina ne tun kafin kowa ya san da mu, tare muka kafa rukunin, tare muka sha wahalar farko lokacin da muke kiɗa a gaban kujerun da babu kowa a kansu. Iyalinsa sun sanar da cewa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, haka kuma jama'a suka ɗauka. Amma mu da muke tare da shi dare da rana mun san cewa hantarsa ce ta lalace saboda giya, mun ga yadda idanunsa suka koma rawaya, cikinsa da ƙafafunsa suka kumbura, har ta kai sai an taimaka masa yake hawa dandamali, ko da yake da zarar ya riƙe sanduna sai ka rantse lafiyarsa ƙalau.

Ya kamata in bayyana miki yadda giya take a wannan sana'a, don kada ki ɗauka mu biyu ne kawai muka kauce hanya. A ɗakin da mawaƙa ke jira kafin a kira su, sau da yawa kwalabe sukan riga ruwan sha isowa, kuma masu shirya taro suna ɗaukar hakan wani ɓangare ne na karramawa. Mutum yakan sha kafin ya hau don ya kashe fargabar tsayawa a gaban dubban idanu, ya kuma sha bayan ya sauko saboda kunnuwansa na ƙara, jininsa na gudu, barci ya ƙi zuwa, alhali da asuba za a kama hanyar wani gari. Babu wanda yake kiran wannan shaye-shaye, cewa muke yi gajiya muke warwarewa. A haka na yi shekaru, ban taɓa fashin aiki ba, kuma da rashin fashin nake kare kaina duk lokacin da maiɗakina ta yi mini magana.

Bayan an binne shi na yanke shawarar dainawa. Allah ya taimake ni na fara tuntuɓar likita, shi ne ya gargaɗe ni cewa wanda jikinsa ya saba da giya kullum bai kamata ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba, domin cikin kwana biyu zuwa uku bayan kurɓar ƙarshe jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewar hankali da gane-gane suna iya tasowa, har su yi kisa. Na ambaci wannan ne saboda masu karatu da ke cikin irin halin da na tsinci kaina. An kwantar da ni an kula da ni har jikina ya lafa, daga nan na shiga wani zama na masu fama da wannan larura, wanda aka tsara bisa tafarkin ƙungiyar Alcoholics Anonymous da wasu mutum biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka assasa a garin Akron na Amurka a 1935. Babban abin da na koya a wurinsu shi ne kada in yi wa kaina alkawarin har abada, in tsaya a kan yau kaɗai, gobe kuma idan ta zo a sake ɗaura niyya. Da wannan na kai yau ban koma ba.

To a nan damuwata ta farko take. Da shekara ta zo ƙarshe, jagoran zamanmu ya umarci kowa ya rubuta abubuwan da yake gode wa Allah a kansu, kuma nawa suna da yawa. Ina farkawa da safe ina tune da duk abin da na faɗa jiya. Yatsuna sun daina rawa a kan tsirkiya, kunnena ya dawo har ina jin kurakuran da a da nake wucewa a kansu ina ganin gwaninta ce. Gwajin jinin da aka sake yi mini ya nuna hantata tana farfaɗowa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne ƙaramar 'yata, wadda a da idan na shigo gida takan tsaya a bakin ƙofa ta kalli idanuna tukuna kafin ta yanke shawarar ko za ta matso, yanzu kuwa da gudu take zuwa ba tare da ta duba komai ba. Sai dai duk layin da na rubuta, idan na bi asalinsa, a bakin kabarin aminina yake tsayawa. Maiɗakina ta yi kuka, 'yan'uwa sun yi nasiha, likita ya taɓa yi mini kashedi tun shekarun baya, duk ban ji ba, sai da na ga gawarsa. Da yana raye, na tabbata da yanzu ina nan ina sha tare da shi. Na zama kamar wanda ya gaji rigar mamaci ta yi masa daidai, ana yaba masa ita yana rasa bakin amsawa.

Na yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na san ba don ni ya mutu ba. Masu yi mini ta'aziyya sun maimaita mini wannan, na kuma yarda da su a hankalce. Amma zuciya ba ta bin lissafin hankali kullum, kuma duk lokacin da na buɗe baki zan ce wannan ce shekara mafi alheri a rayuwata, sai in tuna cewa ita ce mafi muni ga matarsa da 'ya'yansa, sai maganar ta maƙale.

Shi kansa alhinin bai zo mini a lokacin da na zata ba. A makonnin farko jikina ne ya shagaltar da ni, sai da na samu sauƙi sannan baƙin cikin ya sauko gaba ɗaya, har ya tono rasuwar mahaifina ta shekarun baya, wadda ashe ban taɓa zama na yi juyayinta ba saboda a buge na wuce kwanakin. Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sanya alhinin da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa a cikin larurorin da ke buƙatar magani. Ni ina barci, ina kula da gidana, ina amsa gayyatar mutane, don haka ban ɗauki kaina a wannan sahu ba. Wuri ɗaya ne abin yake kayar da ni. Kafin mu fara kowace waƙa, shi ne yake ƙwanƙwasa sandunansa sau huɗu don ya ba mu lokaci, kuma ranar da muka koma bita da wani matashin mai ganga da aka kawo, yaron ya ƙwanƙwasa daidai yadda ya kamata, kowa ya shiga, ni kuwa na tsaya riƙe da jita ina jiran wata ƙwanƙwasar, domin tasa tana da ɗan jinkiri a bugu na uku wanda hannuna ya saba da shi. Na ajiye jitar na fita waje, kuma a wannan rana na ji ƙishin giya fiye da kowace rana tun da na daina.

Yanzu abokan aikina sun shirya wani taron kiɗa na ƙarshen shekara don tunawa da shi, za a ba 'ya'yansa abin da aka samu, daga nan kuma a fita rangadi da sabon mai gangar. Na duba tarihin sana'armu ko zan samu abin koyi, sai na tarar ya rabu biyu a cikin shekara guda. A Fabrairun 1980 Bon Scott, mawaƙin rukunin AC/DC, ya mutu a Landan yana da shekara 33 bayan daren shan giya, abokansa suka ɗauki Brian Johnson cikin 'yan makonni suka ci gaba, har suka fitar da faifan da ya shiga sahun waɗanda aka fi saya a duniya. A Satumbar wannan shekara John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, ya mutu yana da shekara 32 ta irin wannan hanya, su kuwa a Disamba suka sanar da cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka watse. Ni dai ban ji wanda ya zargi ɗayansu da cin amana ba. Labarin Eric Clapton, shahararren makaɗin jita ɗan Birtaniya, yakan ƙarfafa mini guiwa, domin ya daina sha a 1987, ɗansa mai shekara huɗu ya faɗo daga tagar wani dogon bene a birnin New York a 1991, amma bai koma wa kwalba ba, a 1998 ma ya buɗe cibiyar jinyar masu shaye-shaye a tsibirin Antiguwa. Sai dai kuma James Hetfield na rukunin Metallica, wanda ya shiga jinya a 2001, ya sake komawa a 2019 har aka ɗage rangadinsu na Ostareliya da Niyuzilan. Idan wanda ya yi shekaru masu yawa haka zai iya zamewa, ina ga ni da ban cika shekara ba, kuma ban taɓa tsayawa a gaban jama'a ina kiɗa da cikakken hankalina ba?

Maiɗakina ta amince da taron tunawar, amma ta ƙi amincewa da rangadin, tana ganin gida ne ya riƙe ni, hanya kuwa ita ce ta lalata ni tun farko. Abokaina kuma suna da iyali, ga masu ɗaukar kaya da masu haɗa sauti da direbobi da suka yi watanni babu aiki saboda makokinmu, kuma ba zan iya cewa ba su da gaskiya ba. Sun yi mini alkawarin ba za a shigo da kwalba ɗakin jira ba, na kuma gode musu, sai dai na san alkawarin daren farko ne, ban san yadda zai kasance a gari na goma ba idan gajiya ta taru.

Abin da ya fi duk waɗannan hana ni barci shi ne jawabin da aka nemi in yi a wurin taron, tunda ni na fi kowa kusa da shi. Matarsa ta roƙe ni kada a ambaci sanadin rasuwarsa, saboda yaran ƙanana ne kuma ba ta so su tashi ana nuna su da wannan, mahaifiyarsa ma har yau ba a faɗa mata dalla-dalla ba. Rufin asirin mamaci hakki ne, ba na jayayya da haka. Amma na san waɗanda za su cika wurin, matasa ne masu koyon ganga da jita da suka ɗauke shi gwarzo, suna kwaikwayon bugunsa da tafiyarsa har da shansa, kuma na san idan aka ambaci sunansa kwalabe za su ɗaga sama don girmama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɗauka babu ɗaya daga cikin yaran nan da zai shiga irin wannan lissafi ba. Na yi tunanin in yi magana a kan kaina kawai, in ce na daina sha kuma ga abin da na samu, ba tare da na taɓa sunansa ba. Amma duk mai hankali zai haɗa zancen ya gane, wato na tona asirin ta bayan gida ke nan. Ina kuma tsoron kada ya zama na hau kan rasuwarsa ina neman a tafa mini, domin mu mawaƙa mun san daɗin tafi, kuma ba koyaushe muke iya bambanta niyyarmu ta gyara da son a yabe mu ba.

Malama, ina neman ki haska mini hanya. Shin akwai yadda mutum zai gode wa Allah a kan alherin da ya same shi ta dalilin musibar wani ba tare da ya ci amanar wancan ba, ko kuwa wannan nauyin da nake ji wani abu ne da ya kamata in kai wa likitan ƙwaƙwalwa tun kafin ya mayar da ni inda na fito? Idan kin ga ya dace in sake komawa wurin matar aminina in nemi izininta a kan jawabin, ki koya mini yadda zan buɗe maganar ba tare da na fama mata ciwo ba, kuma idan ta sake ƙi, ki faɗa mini ko shirun da zan yi a gaban yaran nan zai zama laifi a kaina. Game da rangadin kuwa, zuciyata ta fi karkata ga in yi taron tunawar kaɗai in nemi a ɗaga mini ƙafa zuwa tsakiyar shekara mai zuwa, sai dai ban sani ba ko hankali ne yake faɗa mini haka ko tsoro. Abokaina suna jiran amsata kafin su buga takardun sanarwa, don haka zan yi farin ciki idan amsarki ta fito kafin watan nan ya ƙare.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara basira.

Naki,
Wani makaɗin jita