A gwada mana irin masarar gugguru da ƙwari ba sa ci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in miƙa kuka ga malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya.

Sana'ata suyar gugguru a ƙofar makarantar firamare, ƙanena kuma shi ke noma mini masarar a ƙauye. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin tukunya ba zai ɗauka huda ɗaya a jikin ƙwayar masara ba wani abu ba ne. Ga mai tuwo haka ne, ya kai inji a niƙe. Gugguru kuwa ɗan ruwan da ke kulle a cikin ƙwayar ne yake zama tururi ya fasa ta. Da zarar ƙwaro ya huda, tururin ya sami ƙofa, sai ta kwanta a gindin tukunya ta ƙone baƙi ƙirin. Mai da sukari da gawayi duk sun tafi a banza.

Tun da tsutsar nan mai cin ganyen masara ta shigo ƙasar nan a 2016, ƙanena yana feshi ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya tsira a gona, ƙwarin rumbu na jiransa. Buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, yana taimakawa, amma wasu 'yan kasuwa magani kawai suke zubawa, alhali yara ne masu cin kayan.

A 2024 an fitar da masarar TELA mai jure tsutsa. Madalla, sai dai ba ta gugguru ba ce. Roƙona, a tattaro irin gugguru da ke hannun manoma da na kasuwa, a shuka su jere ba feshi, a ga wanda tsutsa ta fi ƙyalewa. A duba wanda ɓawonsa ke rufe bakin zangarniya ruf, domin ta nan ƙwaro ke shiga tun a gona. Sannan a zuba ƙwayar a kwalba tare da ƙwari, a ƙirga ɓarnar bayan 'yan makonni. Wanda ya ci jarrabawa a soya shi, don iri mai juriya da ba ya tashi ba ya da amfani a wurina.

In an gama, a faɗi sunan irin da inda ake samunsa a rediyo, da Hausa, kafin damina ta faɗi.

Daga mai sana'ar gugguru,
Tudun Wada, Zariya