A Rubuta Wa 'Yan Matanmu Labarin Ya Da Ƙanwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin marubutanmu na Hausa, musamman mata, game da wani aiki da marubutan wasu ƙasashe suka duƙufa a kansa, mu kuwa muka yi masa riƙon sakainar kashi, alhali mu mutanen Zariya ya kamata a ce mun fi kowa sanin kansa. Aikin shi ne a ɗauki tsohon littafin yara wanda ya yi suna, a sake gina shi daidai da zamani da kuma al'ummar da za ta karanta.

Littafin da nake son in kafa hujja da shi shi ne Little Women, wanda Louisa May Alcott 'yar Amurka ta fitar a 1868, kashi na biyu ya biyo baya a 1869. Labari ne na 'yan mata huɗu uwa ɗaya uba ɗaya, Meg da Jo da Beth da Amy, waɗanda mahaifinsu ya tafi yi wa sojoji wa'azi lokacin yaƙin basasar Amurka, ya bar su da mahaifiyarsu cikin rufin asiri. Abin da ya riƙe littafin shekara sama da 150 shi ne zaman gida, da faɗa da shiri irin na ya da ƙanwa. Amy ta ƙona rubutun da Jo ta daɗe tana wahala a kansa saboda an ƙi tafiya da ita kallon wasa. Jo ta sayar da gashin kanta dala 25 domin mahaifiyarsu ta sami guzurin zuwa jinyar mahaifinsu. Beth ta ɗauko zazzaɓi a gidan wasu matalauta da take kai wa taimako, ta yi ta fama da rashin ƙarfi har rai ya yi halinsa.

A 2019 marubuciya Hena Khan ta sabunta shi da sunan More to the Story, inda ta mayar da iyalin Musulmi 'yan asalin Fakistan mazauna jihar Jojiya ta Amurka, mahaifin ya tafi aiki Abu Dhabi, ita kuma Jamila, wadda ta tsaya a matsayin Jo, burinta ta zama 'yar jarida. A 2021 Bethany Morrow ta mayar da su baƙaƙen fata da suka fito daga bauta, a 2022 kuma Koriya ta Kudu ta yi wasan talabijin da ya rage 'yan matan zuwa uku. Kowa ya ja labarin zuwa gidansu.

Mu wannan sana'a gadonmu ce. A nan Zariya ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, kuma a nan Alhaji Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Masana sun daɗe da nuna cewa da yawa daga labaransa sun samo tushe daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa, amma wane yaro ne ya taɓa karanta shi ya ji ƙanshin baƙunta? Imam ya sa musu rawani da babbar riga, ya ba su fada da kasuwa da bakin Hausa. Sai dai duniyar waɗannan littattafai ta sarakuna ce da fatake da jarumai maza. 'Yan mata ba su da ɗaki a ciki.

Da mata suka shigo rubutu, tun daga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, sun buɗe ƙofar cikin gida, kuma sun cancanci jinjina. Amma kasuwar da ta biyo baya ta karkata ga soyayya da aure da kishi, wato karatun manya. Ni malamar makaranta ce, ina kuma ganin abin da ɗalibaina 'yan shekara 12 zuwa 15 suke ɓoyewa a tsakiyar littafin lissafi, an naɗe bangonsa da tsohuwar jarida, ko suke karantawa a wayar yayarsu da daddare. Kusan duk labarin uwargida ne da amarya. Ko tatsuniyar da suka taso da ita ta 'yar mowa da 'yar bora ce, inda 'yar'uwa take zama abokiyar gaba. Yarinyar da take kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta uku, suna rigima kan hijabi da layin wanke-wanke, da wuya ta ga kanta a takarda, a garin da tarihin baka ya ce an sa masa sunan Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina.

Gargaɗina ga wadda za ta ɗauki aikin shi ne kada ta tsaya ga canza suna, Meg ta koma Maryam, a ce an gama. Laurie, saurayin maƙwabta da ke shiga gidan yadda ya ga dama, ba zai wuce zaure ba a Tudun Wada ko Ƙofar Doka, sai dai in an mayar da shi ɗan gwaggo, taubashin da al'ada ta ba shi damar wasa da su. Sayar da gashi ba shi da ma'ana a wurinmu. Yarinyarmu tunkiyar da kakarta ta ba ta za ta sa a kai kasuwa, ko 'yan kunnen da aka ajiye mata na aure. Attajirar gwaggo mai faɗa da ke cikin littafin kuwa da ma muna da irinta, ita ce mai ɗaukar yarinya riƙo ta kuma riƙa gori. Uban yana iya zama soja a Arewa maso Gabas ko ɗan ci-rani a Legas. Tambaya mafi nauyi ita ce ko 'yan matan ɗaki ɗaya suka fito ko 'yan uba ne, domin in marubuciya ta iya nuna 'yan uba huɗu da suka riƙe juna duk da abin da ke tsakanin iyayensu mata, to ta rubuta abin da Alcott ba ta sani ba.

Sai maganar Beth. Wasu masu sabuntawa a Amurka sukan bar ta da rai saboda tausayin yara. Ban goyi bayan mu bi su ba. Alcott ta rubuta wannan mutuwa ne bayan ta binne ƙanwarta Elizabeth a 1858, yaranmu kuma sun san ciwon sikila, sun san zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai. Littafin da zai zauna da su a kan wannan rashi, cikin tawakkali da gaskiya, ya fi wanda zai rufe musu ido amfani.

Alcott ta rasu a 1888, saboda haka babu wani haƙƙin mallaka da zai hana kowa taɓa labarin. Ina kira ga malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da ƙungiyoyin marubuta su sa gasa a kan littafin 'yan mata masu tasowa, ita kuma wannan jarida, in an sami wanda ya yi fice, ta ware masa shafi ta riƙa buga shi babi-babi kowane mako, domin mu malamai mu samu mu karanta da ɗalibai a aji.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Tudun Wada, Zariya.