Haɗarin dutse mai aman wuta bai tsaya kan narkakken dutse ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai albarka don in yi bayani kan duwatsu masu aman wuta, saboda da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka wata wuta ce ke ci a cikin dutsen, kuma abin na can wata uwa duniya, bai shafe mu ba.

Babu abin da ke ƙonewa a ciki. Dutse ne ke narkewa a can ƙarƙashin ƙasa, ko dai saboda nauyin da ke danne shi ya ragu, ko saboda ruwa ya shige shi, kamar yadda ake samu a Indonesiya da Japan inda ɓawon ƙasa ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin wani. Zafin narkakken dutsen kan kama daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Da yake bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa tasowa har ya taru a wani wuri 'yan kilomitoci ƙasa da ƙafafunmu.

Abin da ke harbo shi waje iska ce: tururin ruwa, da kabon dayoksaid, da iskar farar wuta, duk a narke cikinsa. Kwalbar lemo ce da aka jijjiga. Muddin murfi na rufe shiru kake ji, da an buɗe sai kumfa ta yi tsartuwa. Tsananin fashewar ya danganta da kaurin narkakken dutsen. Mai ƙarancin sinadarin silika (irin wanda ke cikin yashi), wajen kashi 50 cikin ɗari, tsinkakke ne, iskar na fita da sauƙi, sai ya malalo. Irinsa ne ya ratsa birnin Goma na Kwango daga dutsen Nyiragongo a Janairun 2002. Mai silika da yawa kuwa kauri gare shi, yana riƙe iskar har ta tarwatsa shi ya zama toka. Haka Pinatubo ya yi a Filifin a 1991, kuma da yawan waɗanda suka rasu rufin gida ne ya rufta musu, domin ruwan sama ya jiƙa tokar. Jiƙaƙƙiyar toka mai kaurin santimita 10 tana iya haura kilo 100 a kan kowace murabba'in mita na rufi.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru. Tafkin yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya ɗara mita 200, kuma kabon dayoksaid na tsattsafowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan gindinsa. A daren 21 ga Agusta 1986 ruwan ya juye, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta da launi, don haka ta bi kwaruruka har kimanin kilomita 25. Mutum sama da 1,700 suka rasu, yawanci a cikin barci, tare da dabbobi kimanin 3,500. Gidaje na tsaye, bishiyoyin ƙauyukan ba su ƙone ba. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanyar.

Maganin da aka yi abin burgewa ne. A 2001 aka zura bututu zuwa gindin tafkin, aka ƙara biyu a 2011. Da an jawo ruwan ƙasa sau ɗaya, iskar na fita daga cikinsa tana tura shi sama da kanta, ba a buƙatar inji. Sai dai akwai wata matsalar: bangon da ya tare tafkin daga arewa tarin toka ne da tsakuwa, yana zaizayewa. In ya ɓalle, ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala zuwa Taraba da Binuwai, kuma wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a yankin Takum.

Makiyaya da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga a wannan yanki su riƙe wannan: idan fitilar aci-bal-bal ta mutu alhali iska ba ta kaɗawa, ko kaji da awaki suka fara faɗuwa, a haura tudu nan take, a ɗauki yara a kafaɗa. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana tare toka, amma ba ya tare wannan iskar ko kaɗan.

Ina roƙon ku tura wakilinku Takum ya binciko mana wane shiri aka tanada na sanar da ƙauyukan bakin kogin idan ruwa ya taso da dare.

Wassalam,
Wani malamin kimiyyar ƙasa, Jalingo