Ɗana, Kada Jinin da ke Kwance Ya Ruɗe Ka

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce malaminka ya ba ka zaɓi: ko ka gwada mannewar jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar zazzaɓin cizon sauro a faranti, suna kwance, ka gama da wuri, ko ka haɗa na'urar da ke tura jini ta kan gilashi, wadda kumfar iska guda kan lalata maka aikin yini. Shawarata ita ce ka ɗauki ta biyun, ko da za ta cinye maka shekara.

A shekarun da na yi ina leƙa madubin ƙara girma a ɗakin gwaji, abin da nake gani a jinin mai zazzaɓin falciparum, wato nau'in zazzaɓin cizon sauro mafi tsanani, ƙananan ƙwayoyin cutar ne masu kama da zobba. Manyan ƙwayoyin cutar sai jefi-jefi. Akwai wata yarinya da har yau take raina. 'Yan kaɗan na ƙirga a gilashinta, na rubuta sakamako hankalina kwance, ashe tana can kan gado a sume. Sauran suna maƙale a jijiyoyin ƙwaƙwalwarta, inda allura ba ta kaiwa.

Ka san dalilin ɓuyar. Ƙwayar cutar tana yin awa 48 a cikin ƙwayar jini, kuma tana girma tana sandarar da ita. Saifa kuwa ba ta barin sandararriyar ƙwaya ta wuce. Saboda haka tun kafin ƙwayar cutar ta ci rabin wa'adinta, sai ta fito da furotin PfEMP1 a bayan ƙwayar jinin, a kan wasu 'yan ƙuraje, ta cafke furotin da ke bangon jijiya da shi: CD36 a nan, ICAM-1 ko EPCR a can, a mai ciki kuma ta liƙe wa mabiyiya. Tana da irin wannan furotin kusan kala 60, ɗaya take sawa a lokaci guda, garkuwar jiki na gane shi ta sauya wani.

To amma duk wannan kamun a cikin gudu ake yin sa, kuma nan ne nake son ka tsaya da kyau. Jini ba ya jiran kowa. Ƙwayar jinin tana taɓa bango ta kama, ruwa ya fizge ta, ta sake kamawa gaba kaɗan, tana mirginawa tana rage sauri har ta tsaya cik. A kan ICAM-1 mirginawar ta fi yawa, CD36 ya fi riƙewa, idan suka haɗu kuwa kamun ya fi na kowanne shi kaɗai. Shi ya sa taruwar ta fi yawa a ƙananan jijiyoyin da jini ke komawa ta cikinsu, inda ƙarfin gudun ya yi sauƙi. A 1997 an cire wa ƙwayar cutar abin da ke gina ƙurajen nan. A faranti ta manne lafiya lau, amma da aka sako ruwa da irin ƙarfin da ke cikin jijiya, sai ta kasa riƙewa. Wanda ya tsaya a faranti da ya rantse ƙurajen ba su da wani aiki.

Don Allah ka riƙa rubuta ƙarfin gudun a kowane gwaji, ka tsare zafin a digiri 37. Ka dinga duba ƙwayoyinka kuma, domin waɗanda suka daɗe ana kiwonsu a kwalba sukan zubar da ƙurajensu ba tare da ka sani ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa samun barci. Ni kuma roƙona ɗaya: ranar da ka ɗauki bidiyon ƙwaya tana mirginawa har ta tsaya, ka turo mini. A bushe na saba ganinta a kan gilashi, ban taɓa ganin lokacin da take kamawa ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.