Yarinya ta iya Sinanci, kujerar zana jarrabawa ce ta so ta gagare mu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, na rubuto ne a kan shirin da kuka yi kwanakin baya game da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje da suka zaɓi su koyar da 'ya'yansu a gida. Na ji daɗin shirin, don ni ma ina cikinsu a nan Amurka. Sai dai baƙin da kuka gayyato duk sun tsaya ne a kan tarbiyya da haddar Alƙur'ani da raba yara da abokan banza. Babu ƙarya a abin da suka faɗa, amma ba wanda ya taɓo ranar da yaro zai tashi daga teburin falo ya je ya zana jarrabawar da jami'a za ta yarda da ita. Ni neman inda 'yata za ta zana irin wannan jarrabawa ya kusa sa ni kuka, shi ya sa na ce bari in ba da labarin, ko wata ta kauce wa ramin da na faɗa.

Yarinyar ita ce ta fari, don haka a yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba. Kafin mu zo nan, shekara bakwai muka yi a Gwanzu ta ƙasar Sin, inda maigidan yake sayo yadi da atamfa yana turo wa 'yan Kantin Kwari a Kano. A can ta buɗe baki, a can ta shiga makaranta. Mutanen gari Kantonis suke yi a kasuwa, a aji kuma da Mandarin ake koyarwa, shi ne ya zauna mata. Ni da na yi shekara bakwai ban wuce ciniki da gaisuwa ba, ita kuwa har faɗa take yi da direban tasi. Da muka dawo Amurka muka ga asara ce a bar harshen ya zube, sai muka samo mata malama da take koya mata ta intanet sau biyu a mako. Da safe hadda, da hantsi lissafi da kimiyya, Sinanci kuma da dare, lokacin gari ya waye a wurin malamar.

Ga wanda bai sani ba, a Amurka akwai jarrabawoyi da ake kira AP, waɗanda hukumar College Board take shiryawa. Darasi ne na matakin shekarar farko ta jami'a da ɗalibin sakandare yake ɗauka, ya zana jarrabawarsa a watan Mayu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa sukan yafe wa wanda ya ci da kyau wani kwas, kuma a ƙasar da kwas ɗaya zai iya cin dubban daloli wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga mu masu karatun gida kuwa amfaninta ya wuce kuɗi. Takardar sakamakon da 'yata za ta kai jami'a ni na rubuta ta, ni na sa hannu. Wace uwa ce za ta ce 'yarta daƙiƙiya ce? Dole a samu wani na waje da zai shaida, kuma makin AP shi ne shaidar. Ta Sinanci an fara yin ta ne a 2007.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka abin kamar GCE ne a gida. A Najeriya wanda ba ya makaranta yakan sayi kati, ya cike fom, hukuma ta turo masa sunan cibiyar da zai zana. Haka JAMB, kai dai ka biya ka jira takardarka. Nan ba haka ba ne. Ba ka iya yin rajista kai tsaye da hukumar jarrabawa. Makarantun sakandare ne suke yin odar jarrabawar, su ne kuma suke gudanar da ita, don haka yaron da ba ya kowace makaranta sai iyayensa sun nemo wadda za ta yarda ta ba shi kujera a matsayin baƙo. Ban san wannan ba sai tsakiyar Oktoba, ranar da na zauna da katin banki a hannu ina neman inda zan danna in biya. Rashin sani ya fi dare duhu. A nan na gano cewa a shekarar, ranar 15 ga Nuwamba ake rufe oda, wanda ya wuce ta kuma sai ya ƙara dala 40 a kan kuɗin jarrabawar da ya kusa dala 100. Makarantu da yawa ma sukan rufe nasu littafin tun kafin wannan rana.

Sai na kama waya. Makarantar unguwarmu, wadda harajinmu yake tafiya gare ta, ta ce ba ta koyar da Sinanci, don haka ba ta yin jarrabawar. Ta biyu ta ce tana yi, amma ɗalibanta kawai. Ta uku ta ce in bar saƙo, na bari har sau uku. Wata mai zaman kanta ta ce da lissafi ne ko tarihi da ta karɓe ta hannu bibbiyu, amma ban da Sinanci. Na yi jeri a bayan wata tsohuwar ambulan ina soke suna ɗaya bayan ɗaya, har na soke goma sha ɗaya. Maigida yana dawowa daga aiki zai ce, "Yau kuma nawa aka soke?" Tun ina dariya har na daina.

Da farko na ɗauka ɗankwalina ne ko lafazina, kuma ba zan ce zuciyata ba ta raya mini haka ba. Wata jami'a ce a makaranta ta takwas ta warware mini, Allah ya saka mata. Na je da kaina ba tare da alƙawari ba, ta ga na gaji, ta ce in biyo ta. Ta buɗe mini wani ɗaki mai kwamfutoci, ta ce in duba. Jarrabawar Sinanci, in ji ta, ba irin wadda za a ƙara kujera ɗaya a bayan zaure ba ce. Gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, kuma kwamfutar ta makaranta, wadda aka sa wa manhajar jarrabawar aka gwada ta tun kafin ranar. Kowane ɗalibi yana buƙatar abin sawa a kunne mai makirufo, saboda akwai sashen sauraro, akwai kuma inda zai yi magana a naɗi muryarsa. Dole a nisanta su da juna don kada muryar wani ta shiga ta wani. Sannan ga mai sa ido, ga ma'aikacin kwamfuta da zai tsaya ko wani abu ya tsaya. Ta ƙirga mini kujerun da yatsa, ta ce ɗalibanta sun riga sun cinye su, har tana da biyu a jiran tsammani. Na fito ban samu kujera ba, amma na daina jin haushin mutane, kuma na san irin tambayar da zan riƙa yi.

Akwai kuma ƙarancin masu zana ta. A duk shekara masu jarrabawar AP ta Sifaniyanci sun haura dubu 150, na Sinanci kuwa ba su kai dubu 20 ba, yawancinsu kuma a wuraren da 'yan asalin Sin suke da yawa. In kana gari irin namu, makarantun da suke yin ta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba.

Na duba ko akwai wata hanya. Da can akwai jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ta darasi ɗaya-ɗaya, har da Sinanci, wadda kowa yake rajistarta da kansa, amma an soke su duka a 2021. Jarrabawar CLEP, da ita ma ake yafe wa ɗalibi kwas a jami'a, wadda masu karatun gida suke so saboda cibiyoyinta a buɗe suke duk shekara, tana da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, babu Sinanci. Saura HSK, jarrabawar gwada iya Sinanci ta ƙasar Sin. Ita tana da daraja ga mai son karatu a can, kuma ko a Najeriya akwai cibiyoyin Confucius, masu koyar da Sinanci inda ake zana ta, a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Amma a nan Amurka irin waɗannan cibiyoyi, da suka kai kusan 100 a 2019, an rufe kusan dukansu bayan takun saƙar da aka shiga tsakanin ƙasashen biyu. Kuma ko an same ta, ba ita ce jami'o'in nan suka saba musanyawa da kwas ba. Duk inda na juya sai in dawo kan AP.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba, wato kantin 'yan Sin da nake zuwa sayen citta da busasshen kifi. Yarinyar tana hira da mai karɓar kuɗi, sai wata mata da ke bayanmu a layi ta saki baki tana kallon baƙar yarinya da hijabi tana zuba Mandarin. Aka gaisa. Ashe tana koyarwa a makarantar Asabar da iyaye 'yan Sin suke kai 'ya'yansu don kada harshe ya ɓace musu, kamar dai yadda muke kai namu Islamiyya. Ta ce matsalar nan su ma kowace shekara suna fama da ita, domin yaransu da yawa suna makarantun da ba a koyar da Sinanci. Suna da jerin makarantun da suka taɓa karɓar baƙi, suna gadar wa juna shi. Ta turo mini a waya kafin mu kai mota. Ta uku a jerin, mai nisan tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidanmu, ta ce akwai kujera ɗaya, in zo da kuɗi da katin shaidar yarinya kafin Juma'a. Ranar Laraba na je.

Abin da ya rage ba shi da wuya. Jami'in jarrabawar makarantar ya buɗe mata rukuni na masu zana jarrabawa kawai, ya ba mu lambar shiga, ta sa a shafinta na My AP, sunanta ya fito. Sun ƙara kuɗin ɗawainiya a kan na hukuma, na biya ban ce uffan ba.

Ga abin da zan gaya wa duk uwar da take hanyar da na bi. Ba a fafe gora ranar tafiya: a fara nema tun Agusta, da zarar makarantu sun dawo, kafin ma a sayi littafin shiri. Akwai kundi a intanet mai suna AP Course Ledger da ke nuna makarantun da aka amince su koyar da kowane darasi, a nemi masu Sinanci kawai, kada a ɓata lokaci kamar yadda na yi. In an buga waya kada a tsaya bayani da mai ɗaga waya a ofishin gaba, ita "a'a" ta fi mata sauƙi. A nemi jami'in da ke kula da AP da kansa, a kuma rubuta masa wasiƙa gajera. A duba dokar jiha, domin kowace da tata. Na san a Bajiniya doka ta wajabta wa hukumomin makarantun gwamnati su ba masu karatun gida damar zana AP, kuma a ganina haka ya kamata a yi ko'ina, tunda haraji ɗaya muke biya.

Sannan a shirya yaro don jarrabawar kanta, domin iya hira daban, iya jarrabawa daban. 'Yata ta saba rubuta haruffan Sin da hannu, alhali a nan bugawa ake yi: ka rubuta lafazin kalma da haruffan boko ta hanyar Pinyin, kwamfuta ta jero maka haruffa masu sauti iri ɗaya, ka zaɓi daidai. Mai gaggawa sai ya zaɓi wanda ba shi ba, ma'ana ta juye. A shekarar da 'yata ta zana, ana ba ɗalibi hotuna huɗu ya ƙaga labari cikin minti 15, ya amsa wasiƙar imel cikin wasu 15. Akwai hira mai tambaya shida, kowace amsa daƙiƙa 20 kacal, ko ka gama ko ba ka gama ba an wuce. Daga ƙarshe a ba shi wani batu na al'adun Sin, minti huɗu na shiri, minti biyu na jawabi. Watanni muka yi ina riƙe da agogon waya a kicin, ina soya albasa ina cewa "Lokaci ya cika!", ita kuma tana cewa, "Umma, ai ban kai ƙarshen jimla ba." Ban san abin da take faɗa ba, daƙiƙa kawai nake ƙirgawa.

Ranar jarrabawa mun isa da wuri. Iyaye ba sa shiga, sai na zauna a mota da carbi. Ta taga na ga yara suna tafiya, kusan duka 'ya'yan 'yan Sin, ita kaɗai da hijabinta ruwan toka a tsakiyarsu, tana riƙe da fasfonta. Abin da ya dame ni a lokacin, kada ka yi dariya, shi ne ko abin kunnen zai zauna a kan hijabi ta ji da kyau. Bayan awa biyu da wani abu ta fito tana murmushi. Ta ce ya zauna, sai dai muryar na kusa da ita ta so ta rikita ta a tambaya ta farko. A Yuli sakamako ya fito, alhamdu lillahi, mun gode wa Allah da abin da ya ba mu.

Roƙona gare ku, Edita, ku sake waiwayar batun nan, ku gayyato iyayen da 'ya'yansu suka riga suka shiga jami'a daga karatun gida, su faɗi yadda suka yi da jarrabawa a Amurka da Ingila da Kanada. A Ingila ma na ji 'yan'uwa suna kuka da neman cibiyar da za ta karɓi ɗalibi mai zaman kansa a GCSE, jarrabawarsu ta sakandare, musamman darussan da ke da gwajin baka. Mu a masallacinmu mun fara namu jerin, irin na matar da muka haɗu da ita a kanti. Zuwa yanzu makarantu huɗu ne a ciki, da sunan darasin da kowace ta karɓa da watan da ta rufe rajista. Ƙaninta yana son ya zana ta kimiyyar sinadarai baɗi, na riga na zagaye ranar farko ta Agusta a kalandar kicin.

Wassalam.

Taku mai sauraro a kullum,
wata uwa daga jihar Ohayo, Amurka